Ranar da Waken Konduga Ya Koma na Dala

Ku jingine tsintsiya, ku ara mini kunnuwanku, in an gama zan mayar muku.

Ban taɓa mantawa da ranar da waken Konduga ya koma na dalar Amurka ba. Shekarar da aka yanke layin waya ce saboda rikici, kowa yana yawo da waya a aljihu, ba ta kira ba a kiran ta. Ni kuwa ina shara da dafa shayi a wani kamfanin sayen wake a unguwar Bulumkutu. Ban yi boko ba, har yau da ɗan yatsa nake sa hannu.

Kamfanin yana da rumbu a Konduga, kullum sai an sanar da can farashin buhu. Alhaji mai kamfani ya samo rediyon oba-oba, ga takardar izini manne a bango. Sai dai murya ba ta isa, shuuu kawai ake ji. Nan tsohon da muke kira Ba Modu, mai gadinmu, ya miƙe. Ashe tsohon ma'aikacin tangaraho ne. Ya ɗaura wa rediyon wani ɗan maɓalli, in ka danna ya yi ƙara, gajere ko dogo, kowane harafi da nasa bugun. Aka nemo Ba Aji, abokin aikinsa na da, aka zaunar da shi a Konduga yana saurare yana rubutawa.

Kullum ina shara ina ji. Kalmar naira dai na haddace ta, kamar yadda mace take gane lugudan maƙwabciyarta. Ba Modu yakan buga ta harafi biyar, a natse, kamar mai jan carbi.

Muna da Manaja, saurayi mai takalmin da yake riga shi yin sallama. Ya ce harafi biyar cin batir ne.

"Baba, ka buga alamar naira kawai mana."

"Ranka ya daɗe, naira ba ta da bugu. Waɗanda suka tsara abin nan ba su san da ita ba. Sai dai a rubuta sunanta."

Manaja ya zaro wata takarda mai ɗigo-ɗigo da zane-zane. "Ga alamar kuɗi nan a ƙasa."

"Ta Amurka ce."

"Kuɗi ai kuɗi ne, Baba. Za su gane."

Ba Modu ya ce in dai hannunsa ne, a'a. Ya ɗauki buta ya tafi sallar azahar. Ina goge tebur, Manaja ya zauna a kujerarsa, takarda a cinya, harshe a waje, ya shiga dannawa. Ni bai ko dube ni ba, don a wurinsa da ni da tsintsiya duk kayan ofis ne. Na ji gajere uku, dogo, gajere biyu, dogo. Na ce a raina, wannan baƙuwa ce.

To, ƙa'idar masu tangaraho ita ce, abin da ka ji shi za ka rubuta, ba abin da kake zato ba. Ba Aji ya zana alamar dala a allon ƙofar rumbu, da lambar farashi a gefenta. Wani malamin makaranta ya fassara wa manoma. Kafin la'asar amalanke ta cika fili, har da masu kwance irin shuka don su sayar a karɓi dala. Ba Aji ya kulle kansa a rumbu yana bugo mana neman ceto.

Washegari Alhaji ya tara mu. Manaja ya riga kowa magana, ya ce tsufa ne ya kama hannun Ba Modu. Alhaji ya ce Ba Modu ya ajiye makullin gadi, aikinsa ya ƙare. Mutumin da yake ciyar da jikoki shida da suka gudo daga ƙauye, ya shiga lalubo makullin a aljihu, wai shi ba ya musu da na gaba.

Na ajiye faranti na ce, "Alhaji, a ba tsohuwa dama."

"Ya Falmata, ke kuma me kika sani a nan?"

Na ɗauki cokali. Na buga masa naira a gindin faranti irin ta Ba Modu, sumul. Sannan na buga ta jiya yadda ta fito: uku a guje, a tsaya a leƙa takarda, dogo har cokali ya gaji, a sake leƙawa, a yi tsaki. Har tsakin na yi.

Alhaji ya tura wa Manaja maɓallin. "Buga mini mu ji."

Ya buga. Ya leƙa takarda a daidai inda na leƙa. Da ya zo wurin tsaki ya so ya haɗiye, ya kuɓuce masa.

Abin da na koya ke nan: a aikin nan kowa da hannunsa, kuma hannu ba ya ɓoyuwa ko ga mai shara.

Manaja, shi aka tura Konduga a bayan mota ya ba manoma haƙuri da bakinsa. Na ji yanzu yana sayar da waya a Kano. Ba Aji ya dawo ya rantse shi da wake sai a tukunya. Alhaji ya ƙara mini sukarin shayi, albashi dai yana nan yadda yake. Ba Modu ya riƙe makullinsa har layin waya ya dawo, har Allah ya karɓi abinsa. Kullum da safe in yana son shayi, ba ya kira na. Sai ya ƙwanƙwasa ƙofa da zobe, harafi biyar, in ce masa ba ni da ita, ga dai shayi.