Ranar Hoton Allon Makaranta

Wata Litinin ce a farkon damina, shekarar da nake aji uku a wata makarantar kuɗi a Dutse Alhaji. Tun asuba Mama ta tashe ni, na share tsakar gida, na tari ruwa a bakin indararo, sannan ta yi mini kitso, ta mulke ni da man kaɗe har ina ƙyalli. Ranar za a ɗauki hoton da za a kafa a allon makaranta na bakin titi, kuma mai makarantar, wanda kowa ke kira Oga, ya yi alkawarin wanda ya zo na ɗaya shi zai tsaya kusa da Baturiyarmu. Ni na zo ta ɗaya. Baba har garejinsa na Apo ya rufe don ya gani da idonsa.

Baturiyar matar wani ɗan kwangila ce, takan leƙo ta karanta mana littafi mai hotuna, shi ke nan fa aikinta. Amma saboda ita iyaye ke tururuwa. Malama Ladi da ke fama da mu kullum kuwa, ko sunanta ba a tambaya.

Da aka jera mu a filin da muke 'yar gala-gala, Oga ya bi layi yana duban fuskoki, yana tsamo farare-farare. Da ya iso kaina ya ɗan tsaya, ya ce, "Ke koma baya, fuskarki ba za ta fito a hoto ba." Da Turanci ya faɗa, don haka Baturiyar ta ji sarai. Ta dube ni, ta shafa kitsona, ta ce ya yi kyau, sannan ta juya ta yi wa mai hoto murmushi. Na koma ƙarshen layi. Wallahi ko ƙwalla ban yi ba, jikina ne kawai ya mutu kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Baba na bakin ƙofa, hularsa a hannu.

Yau ni ce ke koyarwa a Mararaba, kuma har yanzu wasu iyayen kan tambaya ko muna da Bature. Nakan ce babu, su juya. Na sha laluben haushin Baturiyar nan a raina ban samu ba, yafiyar ma babu. Kewar yarinyar da ta fita daga gidanmu da safiyar ranar hoton kawai nake yi. Ita ba ta san tana da launi ba.