Lelya Nevena da Daƙiƙa Shidan da Ta Ƙi Kallo

Kafin kowa ya farka a ayarinmu na masu wasan igiya, Lelya Nevena, wato Goggo Nevena, ta riga ta shiga tanti. Za ta ajiye kofin gahawarta a kan akwatin kaya, ta cire safar hannu ko da sanyi na yankan fata, ta bi igiyar wasa daga wannan turke zuwa wancan tana murza ta da babban yatsa, kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake. In an ɗaga igiyar an ɗaure, sai ta ja ta sau uku ta kasa kunne. Ba mai taka ta sai Lelya ta ce, "Hau." Shekara arba'in da ɗaya tana wannan aiki, daga Vidin har Silistra, duk garin da bikinsa ya kira mu muka kafa tanti da lilo, kuma ba a taɓa samun wanda ya faɗo saboda igiya ko ƙulli ba. Makon jiya ta ajiye aiki. Ni da na yi shekara talatin ina yaga tikiti a bakin ƙofa ina kallonta, na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san tsohon fim ɗin nan na yarinya mai tafiya a kan igiya da saurayinta mai kaɗa akodiyan. Har gobe ana rera waƙoƙinsa a gidan biki, tsofaffi na share hawaye suna cewa hayaƙi ne. Abin da ba a sani ba shi ne, tauraruwar fim ɗin ko kujera ta hau sai jiri ya ɗebe ta. Ƙafafun da ake gani a kan igiya na Nevena ne, tana da shekara ashirin. Hannuwan da ke kan akodiyan kuwa na angonta ne, Stamen, makaɗin ayarin. Ba a rubuta sunan ko ɗayansu ba. Kwalba ɗaya ta giyar da ake kira rakiya da "mun gode" aka sallame su da ita.

Mu 'yan tanti muna da kalmar da ba ma faɗa, ba ma son gani. Ba a ce wa wasa "na ƙarshe", sai dai a ce "na yau". Wanda bakinsa ya suɓuce, waje zai fita ya juya sau uku ya tofar da yawu, sannan ya dawo. Wani zai ce camfi ne. Wanda bai taɓa tsayawa sama da kan mutane a kan abin da bai kai kaurin yatsa biyu ba, yana da damar faɗin haka.

To, kowane fim da wannan kalma yake rufewa. Ranar da aka fara nuna nasu, da waƙar rufewa ta tashi, Nevena ta miƙe ta fice, don gobe za ta hau igiya. Stamen, wanda ƙafarsa ba ta barin ƙasa, ya zauna har aka kunna fitilu. Ya fito yana washe baki.

"Kin yi asara, yarinya! Sun nuna fuskata. Ni kaɗai, na cika allon, hulata a karkace. Rubutun nan a ƙirjina suka ɗora shi."

"Wace asara?" in ji ta. "Fuskar da nake gani kullum baki buɗe tana minshari?"

Shekara bakwai bayan nan ciwon huhu ya ɗauke shi a tsakiyar hunturu. Shekara ta zagayo, gobara ta cinye keken dokin da suke kwana a ciki, da hotunansu duka. Fuskar Stamen ba ta rage ko'ina a duniya ba sai a daƙiƙu shida na rufewar fim ɗin, kalmar nan kwance a ƙirjinsa.

Da ta sauka daga igiya ta koma ɗaure wa wasu, sai abin ya ƙara tsanani. Duk kaka, in mun naɗe tanti mun koma masauki, dattijo Dimco mai majigi yakan nuna mana fim ɗin a zauren karatu na gari. Lelya takan zauna kusa da ƙofa. Tana kallon hannuwan mijinta har ta manta da numfashi, amma da zarar waƙar rufewa ta tashi sai ta ɗauki gyalenta.

"Haba Nevena," Dimco ya ce mata wata shekara, "zauna mana, in sa kwali in rufe rubutun."

"Ka rufe shi ka rufe min rabin mutum? Kuma ai na san yana ƙarƙashin kwalin. 'Ya'yan mutane ne ke hawa igiyar da na ɗaure, Dimco. Ba zan kai musu idon da ya ga wannan abu ba."

A bayan ƙofa take tsayawa tana jin waƙar har ta mutu. In Dimco ya fito, tambayarta ɗaya ce kowace shekara.

"Yana nan?"

"Yana nan, yana dariya."

"Hular fa?"

"A karkace."

"Shashasha," sai ta ce, ta juya da sauri kada mu ga idonta. Mu kuwa duk mun gani, kuma wallahi abin yana ci mana rai.

Lelya, ke ce kika tsayar da wasa a Tutrakan, tanti cike da mutane, don yatsanki ya ji wani laushi da ba ki yarda da shi ba. Mai ayari ya yi ta tsalle yana cewa tsufa ne ke damun ki. Kika miƙa masa wuƙa kika ce ya yanka ya gani. Cikin igiyar ya ruɓe kamar tsohuwar albasa, kuma Kalina, yarinyarmu mai taka igiya, ita ce za ta hau ranar, tana da goyon wata biyar. Ke ce kika zauna da ita mako uku bayan santsi ya jefa ta raga, ba ki ce mata ta yi jarumta ba, kin dai sauke igiyar zuwa gwiwa kina ɗaga ta taki ɗaya kowace safiya. Uwar igiya, mai yatsan da ba ya ƙarya.

Bara idonta ya fara dushewa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, kuma abin gaba zai yi. Ba wanda ya kore ta. Makon jiya ita da kanta ta je ta sami mai ayari ta ce yatsa na ji, amma ido ya daina taimaka masa, ta damƙa wa Kalina aikin.

Ranar Lahadin nan da ta wuce da la'asar Dimco ya rufe tagogin zaure ya ɗora fim. Lelya ta wuce kujerarta ta bakin ƙofa ta zauna a layin gaba. Tsohuwar na'urar Dimco ba a tsayar da ita, in an tsayar fim ɗin ƙonewa yake, don haka daƙiƙa shidan nan su ne kawai, ga kuma idon da ko fuskar mai zama kusa da ita da ƙyar yake rabewa. Da waƙar ta tashi, sai jikinta ya yi abin da ya saba, ta yunƙura tana laluben gyale. Kalina ta riƙe mata hannu.

"Lelya, ba ki da igiya gobe."

Ta tsaya cak. Maimakon ƙofa sai ta nufi allon, tana jan ƙafa, har hasken ya zubo mata a kafaɗa. Ga Stamen nan ya cika bango, ɗan shekara ashirin da huɗu, yana dariya. Ta ɗaga kai. Shida, biyar, huɗu, ni dai ƙirgawa nake a zuci ina roƙon Allah. Allon ya yi fari.

Ta daɗe ba ta juyo ba. Sannan ta ce, "Dimco, rubutun ya fito?"

"Ya fito, Nevena."

"To ni ban ga wani rubutu ba. Idon nan ba ya karatu yanzu." Ta goge fuska da gefen gyale. "Amma hular a karkace take. Sau nawa na gaya masa."

Mun gode, Lelya. Shekara arba'in da ɗaya kina hana kanki abin da kika fi so a duniya don 'ya'yan wasu su sauko lafiya, ba tare da an tafa miki ko sau ɗaya ba. Ku kuma da aka ba ku amanar abin da ran wani ya rataya a kansa, birki ne, tsani ne, tukunyar abinci ce, ku murza shi da yatsa kowace safiya kamar yadda ta yi.

Da muna fita ta ce wa Dimco baɗi ma ya ajiye mata kujerar gaba. Dukanmu mun san abin da likita ya ce game da baɗi. Dimco ya ce an ajiye.