Injin Casar Da Na Saya A Kalgo

A lokacin ban daɗe da yin ritaya ba, malamin firamare ne ni a Gwandu, ban taɓa sayar da ko allura ba. Kuɗin sallamata na shigowa sai wani tsohon abokin karatuna ya zo min da maganar injinsa na casar shinkafa da ke Kalgo. Ya ce ciwon baya ya hana shi tsayuwa, gara ya sayar wa na gida. Roƙonsa kawai a gama da wuri, kuma kada in yayata. Na ɗauka kunya ce irin ta mai rabuwa da sana'arsa. Na biya ta banki, mai unguwa da limamin wurin suka shaida, ya miƙo makulli.

Ban yi nisa da fara aiki ba sai ga manoman garuruwan Diggi da Wurogauri sun cika ƙofa. Ashe tun kaka abokin nawa ya karɓi shinkafarsu bashi, ya casa ya sayar, sannan ya rabu da injin don kada su sami abin kamawa. Wani dattijo a cikinsu ya dube ni ya ce bai taɓa zaton mai koya wa yara gaskiya zai haɗa baki da macuci ba. Suka kai ƙara kotu, amma wallahi maganar nan ta fi ƙona min rai a kan rufe injin da kotun ta yi. Lauya ya faɗa min ƙarara cewa in aka tabbatar na san da bashin, za a rushe cinikin. Na daina zama majalisa, abinci ma sai an matsa min.

Allah Ya sa shaiduna suka tsaya, kotu ta ga na biya daidai darajar kaya kuma ban san komai ba. Aka bi sawun kuɗin har garken shanun da abokin nawa ya saya ya ɓoye wurin ƙanensa, aka sayar aka sallami manoman. Ranar da aka buɗe injin, dattijon nan ne ya fara sauke buhunsa, ya ce in yafe masa. Na yi hamdala.

Har yau ina nadamar rashin tambaya, don maƙwabcin injin ma ya san komai. Jama'a, duk wanda ya ce ku saya da sauri kuma ku yi shiru, ku fara tambayar su wa ke bin sa.