Neman Tattabarun Malam a Kasuwar Yauri

Idan na je lahira na tarar da mijina Malam, ya tambaye ni ina tattabarunsa, me zan ce masa? Har yau ban samu amsa ba. Ina cikin takaba yaranmu suka sayar da su ga wani mai kai tsuntsaye Yauri, wai kukansu ne ke sa ni kuka. Da na fita takaba na ce sai na je na nemo su.

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu kusa da Wara, ni da ƙanwata, a jirgin ruwa mai inji. Kuɗin jirgi ya hau, amma cika tana nan yadda na san ta, har da awaki. Da muka zo inda Malam ke zuba komarsa ta kamun kifi sai na rufe fuska da mayafi. Ƙanwata kuwa, da ta rantse ba ta iya cin komai a kan ruwa, ita ta cinye masar guzurinmu.

Hantsi ya yi muka shiga layin kasuwar. Masu tabarmi da faifai a gefe guda, ga ƙwarya da aka yi wa zane, ga dashen mangwaro da gwaiba a leda. Can gaba zomaye ne, da wani aku da ke yi wa kowa sallama ba ya jiran amsa. A ƙarshen layi muka samu wani dattijo mai tattabaru.

"Inna, wane iri kike so?"

"Na mijina. Za ka gane su, yana sa musu lalle a fiffike."

Ya fara dariya, da ya dubi idona ya bari. Ya ɗaga buhun da ya rufe kejin. Kusan duk da lallensu.

"Inna, ai kowa haka yake yi."

Duk zamana da Malam na ɗauka shi kaɗai ya san wannan dabara. Na tsuguna na yi musu irin kiran da yake yi. Ba wadda ta waiwayo.

Dattijon ya ce, "A ina suke kwana?"

"A tukwane, rataye ƙarƙashin rumfa."

"Suna nan?"

Ƙanwata ta ce, "An sauke. Yara sun fasa wasu."

"To ba nan za ki neme su ba. Tattabara ko an sayar da ita, ran da ta samu hanya gida take nufa. In ta tarar ba tukunya sai ta yi shawagi ta wuce."

Nan na tuna. Ina takaba na sha jin ƙarar fiffike a kan rufin ɗaki, na ce zuciyata ce.

Ban sayi tsuntsu ba. Tukwane na saya wurin wata mai ginin tukwane, na rungume su har gida, ƙanwata na mita sun cinye mata wurin zama. Kafin magariba na sa aka rataye su inda tsofaffin suke a da. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: na tafi nema, alhali gyara wuri ya kamata in yi, in jira.

Ba tattabarar da ta dawo tukuna. Kowace safiya ina cika kasko da ruwa, don ran da Malam zai cika, muryarsa ta riga ta shige, ya jawo hannuna ya ce:

"Hajo, dubo musu ruwa. Yau za a yi rana."