Kalma Ɗaya Na Faɗa, Na Rasa Ƙanina

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina makanike ne a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, ina da shekara talatin da 'yan kai, kuma ni mutum ne mai saurin fushi da son a ce da ni namiji. Mu biyu kaɗai mahaifiyarmu ta haifa, ni da ƙanina, ba mace ko ɗaya. Da waakye ta raine mu, wato shinkafa da waken nan da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja. Duk unguwarmu a Zongon Kumasi an san teburinta. Ni tun ina ƙarami na tsani hayaƙin murhu, shi kuwa ƙanina a gindin tukunya ya tashi. Ya san yawan kanwar da za a jefa, ya san lokacin tsame karan dafi, shitonsa kuma, wato soyayyen yajin da ake zubawa a kai, har ya so ya fi na Mma, mahaifiyar tamu, daɗi.

Da ɓarin jikin Mma ya shanye, bakinta ya karkace, shi ne ya ɗauki ludayin. Ban hana ba, don da wannan tukunya ake sayen maganinta, ni ma a cikinta nake ci. Yana da wata al'ada, yakan ɗaura tsohon zanin Mma a kan wandonsa saboda mai da toka. Wannan zani shi ya jawo mana magana. A wurinmu namiji ya soya ƙwai a teburin shayi ko ya gasa tsire ba mai ɗaga kai ya dube shi, amma ya zauna yana zuba waakye a ganye, ko ya yi kitso, ko ɗaurin kallabi, to an gama yanke masa hukunci. Aka fara ce masa ɗan daudu, Asantawa na ce masa kojo besiya, wato namiji mai halin mata, daga nan aka ce ai maza yake bi. A gareji kullum sai an tambaye ni ina ƙanwata, ko an sa mata rana. Ina dariyar yaƙe, in na dawo gida in sauke fushina a kansa. Shi ko sai dai ya ajiye mini kwanona da ganda biyu a sama kamar yadda nake so.

Ana nan ya ga wata yarinya 'yar makarantar Islamiyya da ke sayen abinci a wurinsa, har manya suka kai goro. Kamar yadda aka saba, dangin yarinya suka shiga bincike. Kawunta, dattijo mai mutunci, ya tako har Suame ya same ni ƙarƙashin mota. Maimakon in ja shi gefe, sai na tsaya da shi a gaban abokan aikina, suna ƙunshe dariya. Ya ce ya ji maganganu, kuma ba ya son ɗaukar zancen titi, shi ya sa ya zo wurin wanda suka sha nono ɗaya. Abin da yake nema kawai in ce na shaidi ƙanina. Na dubi fuskokin mutanen nan, kunya ta rufe ni, sai na ji bakina ya ce, "Baba, ni dai makanike ne. Abin da mai ɗaura zani yake yi, shi da Allahnsa." Dattijon ya yi godiya ya tafi.

Kwana uku aka dawo da goro. Kafin mako ya zagayo magana ta gama Zongo cewa yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ya tabbatar. Matan da suka shekara suna layi a teburin Mma suka koma sayen na wata. A masallaci in ya tsaya a sahu sai na kusa da shi ya matsa. Wata safiyar Juma'a wasu samari suka kifar da tukunyar a kwata, suka yi masa dukan da ya fasa masa baki, suka yaga zanin. Ina gida na ji hayaniyar, na kuma san ko ta mece ce, amma ban fito ba.

Da ya shigo bai yi kuka ba, bai zage ni ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakina jini na ɗiga a rigarsa ya ce, "Yaya, ko sau ɗaya ka taɓa tambayana?" Washegari na tarar ya ɗauko tukunyar ya wanke ta tas ya kife, ya ninke yagaggen zanin ya ajiye a gefen ƙafar Mma, ya tafi.

Mma ba ta iya magana sosai, amma idonta kullum yana ƙofa. Na riƙa sayo mata waakye daga wurare daban daban, har Adum a tsakiyar gari na je, tana ɗanɗanawa sai ta kawar da kai. Wata takwas ta yi ta rasu. Na kira lambarsa har na gaji, a kashe take. Aka yi jana'iza, aka yi addu'ar uku da ta arba'in, ɗan da ya yi mata wanka da ciyarwa shekara biyu bai san uwarsa ta mutu ba. Yau shekara shida ke nan. Wani ya ce ya gan shi a Abijan, wani ya ce ya bi hanyar sahara. Ban san ko yana raye ba.

Har gobe ban san abin da ke zuciyar ƙanina ba, kuma na gane ba hurumina ba ne in yi masa shaidar abin da ban gani ba. Abin da na gani da idona shi ne mutumin da bai taɓa cutar kowa ba, wanda ya riƙe uwarsa lokacin da ni mai taƙama da mazantaka ko fo ɗinta ban taɓa zubarwa ba. Ko da a ce abin da suka faɗa gaskiya ne, ai ƙanina ne, bai cancanci in miƙa shi ga 'yan titi ba. Ina roƙon masu karatu, kada ku dubi sana'ar mutum ku yanke abin da yake yi a ɓoye, ludayi ko allura ko matsefi ba sa ba da shaida. In kuma aka zo bincike a kan naku, ku faɗi abin da kuka sani, kada ku sayi dariyar abokai da mutuncin ɗan'uwa. Na yi istigfari, na yi sadaka, amma malamai sun ce haƙƙin mutum sai shi ya yafe, ni kuwa ban san inda zan same shi ba. Tukunyar tana nan a kife inda ya bar ta, na hana kowa taɓawa.