Dogon Dutsi a Ƙasan Takarda

Ni ban yi boko mai nisa ba. Aji huɗu na yi mahaifina ya cire ni ya kai ni fadama, amma hannuna ya riƙe rubutu, kuma duk abin da na ɗauka da nauyi sai na sa shi a takarda. Shi ya sa da muka tashi tafiya Nijar ni da iyalina, na yago falle daga tsakiyar littafin makaranta na tsara tafiyar gari bayan gari. Takardar tana cikin akwatina har yau.

Mai ɗakina ba haifaffiyar Gummi ba ce. A Dogon Dutsi aka haife ta, cikin Nijar. Mahaifinta malami ne, ya taso da ita tana ƙarama ya zauna garinmu yana karantarwa, ya bar babbar 'yarsa can domin ta riga ta yi aure. Su biyu ke nan uwarsu ta haifa. Yayar ta zo bikinmu, ta sake zuwa rasuwar mahaifinsu, daga nan ba su ƙara sa juna a ido ba fiye da shekara ashirin. Da waya ta zo muka ce an huta, ashe kunnen yayar ya riga ya toshe. Idan an kira, 'yarta ce ke ɗauka, ta saurara, sannan ta juya ta ɗaga mata murya a kunne. Mai ɗakina takan ajiye wayar ta ce wannan ba gaisuwa ba ce, aike ne.

Babban ɗanmu malamin makaranta ne a Anka. Shekarar da ya sayi tsohuwar mota, ya zo bayan mun gama yankan shinkafa ya ce yana da kwana takwas a cikin hutu, zai kai Inna ta ga yayarta. Haka ya faɗa, da bakinsa: tafiyar Inna ce. Ina so wannan ya fito fili, domin ni ne na mayar da ita tafiyar kowa.

Da na ji Nijar, sai na tuna ina da baffa a Tawa, ƙanen mahaifina, shi kaɗai ya rage a tsararsu. Na kuma tuna wani abokina da muka yi karatun allo tare, ya koma Maraɗi yana kasuwanci, kullum yana yi mini gori wai ban san ƙofar gidansa ba. Na zauna na rubuta. Asabar mu kwana Ƙonni. Lahadi da Litinin Tawa. Talata da Laraba Maraɗi. Alhamis da Juma'a Dogon Dutsi. Asabar mu dawo gida, Lahadi yaron ya kama hanyar Anka da rana, domin hanyar nan ba a bin ta idan rana ta yi sanyi.

Na karanta musu a tsakar gida. Autarmu, wadda ta gama sakandare a lokacin, ba ta iya riƙe magana. Ta buɗe taswira a wayarta ta kawo mini har hanci.

"Baba, dubi nan. Daga Ƙonni zuwa Dogon Dutsi bai kai awa ukku ba. Mi zai hana mu fara da can, mu huta da ita?"

Na ce, "Wayar taki ta san babba da ƙarami?"

"Ta dai san hanya."

Wanta ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Ni ban yi dariya ba. A wajenmu, ko gaisuwar Sallah za ka fita, da babban dangin ubanka kake farawa, sannan na uwa, sannan surukai. In taka ƙasar da ƙanen ubana yake in fara sauka gidan surukai? Na ce idan baffa ya ji, har in mutu ana maganar. Kuma akwai abin da ban faɗa ba: ina gudun a ce a majalisa mace ce ta ja ni.

Mai ɗakina tana zaune tana zaɓen bandar kifi a faifai. Autar ta ce, "Inna, ke ba ki ce komi ba."

Ta ce, "Yadda Malam ya tsara."

Tsarabar da ta haɗa wa yayarta abu uku ne. Shinkafar fadamarmu da ta turara da hannunta, turmin atamfa, da bandar tarwaɗa ta gulbinmu, manya-manya, domin ta ce lokacin da yayar ta zo bikinmu ba abin da ta yaba kamar kifin Gummi. Ta naɗe kifin a takarda, ta sake naɗewa a tsohon zane.

Mun ƙetare iyaka ta Illela da la'asar, muka kwana Ƙonni kamar yadda na rubuta. Na ji daɗin kaina, komai na tafiya bisa takarda.

A Tawa baffa ya rungume ni yana kuka, yana kirana da sunan mahaifina. Ranar Litinin ya sa aka kayar da rago. Aka riƙa zagayawa da ni gida-gida, 'ya'yansa da surukansa, kowa da kwanon abincinsa, kowa kuma sai an ajiye masa tsaraba. Kafin yamma tsarabata ta ƙare, saura gida biyu. Na je bayan mota na ɗauko shinkafar yayar na raba musu. Ban tambaya ba. Na ce a raina ai shinkafa ce, muna da ita a rumbu. Mai ɗakina ta ga buhun babu komai, ta ninke shi ta ajiye. Daga ranar, ƙunshin kifin ya bar bayan mota ya koma ƙarƙashin ƙafafunta.

Ranar Talata muka ɗaure kaya, baffa ya ce ina za mu, naman ragon ba a gama soya mana ba, ko so muke a ce ya sallami ɗan wansa hannu sake? Ban iya yi masa musu ba. Muka ƙara kwana. Wannan ban cika zargin kaina a kansa ba, tsoho ne, kuma ban sake ganinsa ba shi ma.

Abin da nake zargin kaina a kai, ranar Laraba ya faru. Idan ka gangaro daga Tawa akwai mararraba inda hanyar ta haɗu da babban titi. Hagu Maraɗi, dama Ƙonni da Dogon Dutsi. Ɗana ya sauka gefen titi ya kashe mota.

"Baba, kwana ukku ya rage muna. Ina za mu?"

Na ciro takarda daga aljihu, kamar ban san abin da ke cikinta ba. Na ce Maraɗi ce a gaba.

Autar ta ce, "Baba, takardar nan fa kai ka rubuta ta. Ba saukar da ita aka yi ba."

Na daka mata tsawa. Na ce na riga na yi wa mutum alkawari, ya gaya wa maƙwabtansa ina tafe. Mu yi Laraba da Alhamis a Maraɗi, Juma'a mu kwana Dogon Dutsi. Kwana ɗaya ma ai ganin juna ne. Ɗana ya ɗaga ido ya dubi uwarsa ta madubi. Ita tana kallon waje. Ya tada mota ya karya hagu.

Abokina ya karɓe mu da kyau, ba laifinsa. Ya zagaya da ni kasuwa, yana nuna ni ga mutane yana cewa ga manomin Zamfara da ya fi gwamna shan iska. Na yi dariya sosai a kwanakin nan biyu, kuma ina jin kunyar tuna hakan. Ranar Juma'a da safe na ce za mu wuce. Ya ce haba, wa ke kama hanya da safiyar Juma'a ya bar masallaci a baya? Ni ma da na sauya tsarin ban lura ranar Juma'a na sa tafiya mafi tsawo ba. Muka tsaya salla. Bayan salla abinci. Kafin a gama sallama la'asar ta yi. Ɗana ya ce daga nan zuwa Dogon Dutsi tafiya ce mai nisa, motar ba ta da fitila mai kyau, ga shingayen jami'ai, ba zai ɗauki uwarsa cikin duhu a ƙasar da bai sani ba. Gaskiyarsa ce. Muka sake kwana Maraɗi.

Asabar da azahar muka iso Ƙonni. Babu sauran lissafi: idan muka yi Dogon Dutsi, yaron ba zai samu ranar Lahadi ya koma Anka ba. Mai ɗakina ta ce a tsaya a tasha. Ta fito da kanta, da ƙunshin kifin da atamfar, ta nemi motar Dogon Dutsi ta damƙa wa direba, autar ta rubuta masa lambar 'yar yayar. Motar ta kusa cika. Ɗan kamasho yana bugun jikinta yana kira, "Dutsi, saura mutum biyu. Dutsi, mutum biyu."

Ta juyo ta dube ni.

Na gane kallon. Ba abin da zai hana in ce wa yaran su wuce gida, ni da ita mu shiga motar nan, mu dawo a ta haya bayan kwana biyu. Na ga kujerun da idona. Amma sai na tuna irin shinkafar rani da na bari a fadama ya isa dashe, na tuna babu wannan a cikin tsarina. Na duba agogo na ce iyaka za ta rufe. Na ce, "Baɗi in Allah ya kai mu, da ita za mu fara."

Ta tsaya har wasu mata biyu suka zo suka shiga, motar ta tashi, sannan ta dawo ta zauna a mazauninta.

Baɗin bai zo ba. Hanyoyi suka ƙara lalacewa. 'Yan'uwana na wajen Zugu suka gudo daga 'yan bindiga suka cika mana gida, ba mai tunanin tafiya. Ɗana ya sayar da motar. Damina ta biyu bayan tafiyarmu, wata safiya waya ta yi ƙara, 'yar yayar ce. Wannan karon ba ta juya ta ɗaga wa kowa murya ba.

A cikin zaman makoki ta sake kira, autar ta sa wayar a fili muna ji. Ta ce tun ranar Alhamis ɗin nan uwarta ta sa aka share ɗaki, ta yi wanka ta sa kayanta na fita, ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure. Ta ce tunda ba za ta ji ƙarar mota ba, gara ta zauna inda za ta gan ta. Haka ta yi Alhamis, Juma'a, Asabar. Da kifin ya iso ta shinshina ta ce lallai na Gummi ne, ta tambaya ina mai shi.

Ni dai na tashi na fita. Na je fadama na zauna a kan kunyar gona, ban taɓa komai ba.

Mai ɗakina ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Da ta yi, ina jin da na samu sauƙi. Na roƙe ta gafara, ta ce Allah bai ƙaddara ba ne. Na san ƙaddara gaskiya ce. Amma na kuma san wanda ya ce a karya hagu.

Kwanan baya ina neman wani abu a akwati, takardar ta faɗo. Mai ɗakina ta ɗauka ta juya ta. Tana karanta Alƙur'ani fiye da ni, amma ba ta san boko ba. Ta ce, "Malam, wagga ita ce ta tafiyarmu?" Na ce ita ce. Ta ce in sake karanta mata, ranar farko hankalinta na kan kifi, ba ta saurara ba.

Na karanta. Ƙonni. Tawa. Maraɗi. Na zo layin ƙarshe. Na ce, Alhamis da Juma'a, Dogon Dutsi.

Ta ce in nuna mata wurin. Na ɗora yatsa. Ta daɗe tana kallon rubutun, can ƙasa inda takardar ta fara cinyewa.

Ta ce, "Ashe har kwana biyu ka ba ta."

Ta ninke takardar yadda take, ta miƙo mini, ta tafi ɗora tukunya.