Motar Na-Shiru Ba Ta Zafi

Na-Shiru ake ce masa, har yawancin mutanen unguwarsu suka manta cewa yana da wani suna. Mutum ne dogo, siriri, mai ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya daɗe a bayan sitiyari. Ba shi da girman kai, ba shi kuma da saurin fushi. Magana ce kawai yake tattalinta, kamar da awo ake sayar masa da ita. Idan kalma uku za su biya bukata, ba ya ƙara ta huɗu. Maiɗakinsa takan ce sai da ta haifa masa 'ya'ya biyar kafin ta gane ba ya son yaji a abinci, shi ma ɗin ba daga bakinsa ta ji ba.

Sana'arsa dakon 'yan tsaki. Kowace Litinin da Alhamis yakan yi sammako zuwa gidan ƙyanƙyasa da ke bayan gari, ya ɗauki kwalaye masu huji-huji cike da 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya, ya kai wa masu kiwon kaji a ƙauyukan kan tudu. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki da mota ɗaya tak, wata farar a-kori-kura wadda fentinta ya koɗe har ya koma launin toka. Da zafin gari yakan jera kwalayen a baya, ya rufa musu tamfol. In sanyi ya shigo kuwa, a gaba yake jibge su, wasu kan kujera wasu a ƙasa, ya rufe gilasai ya kunna hita, domin ɗan tsakon da bai yi gashi ba ba ya jure sanyin sa'a guda.

Ba a taɓa zarginsa da sakaci da motar nan ba. Kullum safiya sai ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai ya duba, ya leƙa ɗan tankin roba na ruwa da ke gefen inji, ya ga ruwan yana daidai kan layi. Murfin lagireto ne kaɗai ba ya taɓawa, tun wata shekara da tururi ya saluɓe masa fatar wuyan hannu, bakanikensa ya yi masa kashedi kada ya sake kusantarsa.

Bakaniken nan, wanda kowa ke kira Maigareji, amininsa ne tun suna samari. Gajere ne mai ƙiba, mai surutu kamar rediyo, kuma babu wani hannu da ya taɓa shiga injin motar in ba nasa ba. Mutane kan ce Allah ne ya haɗa su, ɗaya ya yi maganar mutum biyu, ɗayan ya yi shirun mutum biyu.

Da sanyin bana ya kankama, Na-Shiru ya lura iskar hitar ta canja. In yana hawan tudu ya taka totur, takan ɗan fito da ɗumi. Da ya tsaya sauke kaya sai ta koma sanyi ƙalau. A bayan dashbod kuma yana jin wani ƙululu, kamar cikin mai jin yunwa. Ya biya gareji, ya tarar da Maigareji kwance a ƙarƙashin wata babbar mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Baban kaji, kai ne? Yaya tsohuwar taka?"

"Ba ta zafi," in ji Na-Shiru.

"Madalla! Ai haka ake so. Je ka abinka, kada ka tsaya mini a haske."

Na-Shiru ya matsa gefe. A ransa ya ce tun da masanin abu ya ce haka ake so, wataƙila tsufa ne, kuma babu abin yi. Ya koma gida ya karɓi tsohon bargo a wurin maiɗakinsa, ya sa ta riƙa cika masa kwalabe huɗu da ruwan zafi kowace safiyar aiki, yana cusa su a tsakanin kwalayen.

Bayan mako uku motar ta fara ɗingishi in an tayar da ita da safe, salansa na fitar da farin hayaƙi mai wani ƙamshi zaƙi-zaƙi. Ya sake kai ta. Maigareji ya kwance fulogai huɗu ya jera su kan benci. Uku sun yi baƙi irin na aiki, na huɗun kuwa fari tas, kamar yanzu aka fito da shi daga kwali. Ya juya shi a hannu, fuskarsa ta ɗan canja.

"Wannan bai yi mini ba. Kai, gaya mini tsakani da Allah, motar nan tana zafi?"

"Ko kaɗan."

"Ka tabbata?"

"Kullum sai ƙara sanyi take."

Maigareji ya leƙa ta taga ya ga allurar zafi tana kwance a ƙasa, ya duba tankin roba ya gan shi cike. Ya saki ajiyar zuciya, ya sa sababbin fulogai, ya bubbuga bonet ya ce, "Wannan tsohuwa sai ta binne mu duka."

Ranar wata Alhamis, a tsakiyar tudun da ya fi kowanne tsayi, motar ta rage ƙarfi, inji ya yi wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sannan ya mutu. Da Na-Shiru ya ɗaga bonet, wani ƙauri ya buge shi, ƙarfen inji yana ƙas-ƙas don zafi. Ya koma ya dubi allura. Tana nan kwance inda take kullum. Ya tsaya a bakin hanya yana duban allura yana duban inji, ya rasa wanne zai gaskata. Wani direba da ya san shi ya tsaya ya kwashe kwalayen ya wuce da su, sai da azahar aka janyo motar zuwa gareji.

Maigareji ya jira inji ya huce, ya buɗe murfin lagireto, ya haska ciki da tocila. Babu ɗigon ruwa. Ya zaro sandar awon mai, ya ga man ya koma kamar shayi da madara. Ya yi salati da ƙarfi har maƙwabcinsa mai faci ya ɗago kai.

"Inna lillahi! Yaushe ruwa ya ƙare a motar nan?"

Ya juya murfin ya ga robarsa ta tsage. Da irin wannan murfi, ruwa kan fita zuwa tankin roba amma ba ya iya komowa, don haka tankin ya zauna cike yana yaudarar mai dubawa, inji kuwa yana bushewa. Ya buɗe ƙofar gaba don ya ɗauko tsumma, sai kwalba ta gangaro ta faɗo masa a ƙafa. Ya ga bargo, ya ga sauran kwalabe uku.

"Wannan kuma fa? Asibiti ka buɗe?"

"Na 'yan tsaki ne."

"Ina hitar?"

"Ai na gaya maka," in ji Na-Shiru. "Ba ta zafi."

Sifanar da ke hannun Maigareji ta faɗi ƙasa. A bakin bakanike, a ce mota tana zafi ciwo ne, a ce ba ta zafi kuwa albishir ne. Na-Shiru ya kawo ƙara, shi kuma ya ji yabo.

"Ɗumi!" in ji Maigareji. "Ɗumi ake cewa, bawan Allah! Hita ba ta ba da ɗumi! Kalma shida! Da ka faɗe su, da a ranar na fito daga ƙarƙashin motar can da gudu. Hita ita ce ta fi kowa tsayi a hanyar ruwa, ita ke fara bushewa. In ta yi sanyi, inji ne ke kiran a kawo masa ɗauki."

"Allura fa?"

"Allura ruwa take aunawa. In babu ruwa, me za ta auna? Iska?" Ya dafe kai da hannu biyu, baƙin mai ya ɓata masa hula. "Kuma fulogin nan ya gaya mini. Tururi ne ya wanke shi, gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya riga ya ƙone. Na riƙe shi a hannuna, na tambaye ka, ka amsa, na yarda. Murfin da zan buɗe da yatsa biyu ban buɗe ba. Ni da na hana ka taɓa shi!"

Na-Shiru ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Mako shida yana hawa da sauka, yana tattalin kwalaben ruwan zafi, ashe a gabansa, taku ɗaya daga ƙafarsa, inji yana dahuwa.

"Za ta tashi?" ya tambaya.

"Sai na buɗe. In kan injin ne kawai ya lanƙwashe, akwai masu goge shi ya daidaita. In gangar jikin ce ta tsage, to, irin wannan inji an daina yinsa tun 'yarka ta fari tana goye."

Maigareji ya sallami duk masu jiransa. Ya kwance tiyo da wayoyi, ya sassauta kusoshin kan inji ɗaya bayan ɗaya, ba waƙa, ba zolaya. Su biyu suka ɗaga kan injin suka ajiye a benci. Gaskit ya fito a ƙone, ya ɓare tsakanin silinda ta uku da ta huɗu. Maigareji ya kankare saman gangar injin, ya wanke da fetur, ya kawo tocila kusa. Na-Shiru ya sunkuyo ta bayan kafaɗarsa.

Wani siririn layi ne, bai fi kaurin gashi ba, ya taso daga bakin silinda ta huɗu ya gangara ciki. Maigareji ya ja farcensa a kai, farcen ya maƙale.

"Ƙila datti ne," ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

Ya jiƙa tsumma ya goge wurin, ya haska. Ya sake jiƙawa ya goge da ƙarfi, ya sake haskawa. Yana shirin gogewa karo na uku Na-Shiru ya kama wuyan hannunsa ya riƙe.